Ina labarin mutanen kafi a littattafanmu na tarihi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da marubutanmu, musamman masu ƙaga labari a kan zamanin da. Ni tsohuwar malamar Hausa ce. Shekara talatin da biyar na yi ina shan ƙurar alli a makarantun 'yan mata kafin in ajiye aiki. Yanzu ido ya ja baya, don haka jikata ce ke karanta mini littafi bayan sallar isha'i, wani lokacin kuma ta kunno mini waɗanda ake karantawa a YouTube.

Daga azumin bara zuwa yau mun ji labaran tarihi biyar ko shida, kuma ina yaba wa waɗanda suka rubuta su, don ba ƙaramin ƙoƙari ba ne mutum ya bar labarin soyayya mai kasuwa ya koma tonon abin da ya shuɗe. Sai dai dukansu wuri ɗaya suke ajiye mu, wato fada. Yarima ne da gimbiya, waziri mai makirci, sadauki cikin sulke a kan ingarma, ga kakaki ga tambari. Idan runduna ta fita, sai marubuci ya ce sun ƙone ƙauyukan da ke kan hanya sun wuce. Shi ke nan. A nan nake ce wa jikata ta dakata. Su wane ne a cikin ƙauyukan nan? Bayan rundunar ta wuce, wa ya tashi da asuba yana tonon toka yana neman abin da zai sa wa yara a baki? Ina tambaya ne domin ni jikar mutanen irin wannan ƙauye ce.

Garinmu yana kudancin ƙasar Kano, gaba da Sumaila, ta wajen iyaka da ƙasar Ningi. Wanda ya san tarihin yankin ya san cewa wajen 1846 ne Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa saboda rigimar haraji da mahukuntan Kano, suka shige cikin duwatsu wurin Butawa da Warjawa da Fa'awa. Daga nan aka kafa mulkin Ningi, wanda ya hana Kano da Bauchi da Zazzau barci wajen shekara hamsin, tun zamanin sarkinsu Ɗan Maje, da Haruna, har zuwa Ɗan Yaya wanda Turawa suka tarar a 1902. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita da kansa ya yaƙe su. Amma sarki in ya fita, zai koma birni. Masu kwana a bakin wuta kullum su ne mutanen garuruwa irin su Rano da Burumburum da Sumaila da Takai, da ƙananan ƙauyukan da ke tsakaninsu. Dabarar tsohuwa ce, ita ce ta ribaɗi wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarfafa har ya zauna da kansa a Wurno: a kafa gari a bakin iyaka, a zuba mutane, su yi noma su kuma tare hanya. Manyan garuruwa suna da ganuwa da gwalalo. Ƙanana irin namu kafi kawai gare su, itatuwa ne aka kakkafa a jere aka cushe tsakaninsu da ƙaya, sai ƙofa ɗaya. Duk inda ka ji sunan gari ya fara da Kafin, kamar Kafin Maiyaƙi ko Kafin Madaki ko Kafin Hausa, sunan yana faɗa maka yadda aka fara zama a wurin.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, a cikin irin wannan kafi aka haife ta, kuma ta yi wayo a zamanin Ɗan Yaya. Ba mai yawan magana ba ce. Abin da ya buɗe bakinta shi ne farin 1973. A shekarar nan gonar mahaifina ba ta ba da abin kirki ba, kafin bazara rumbu ya ƙare, sai dami biyu na irin shuka da ke rataye a ɗakinsa. Wata safiya ya sauko da ɗaya ya ce a sussuke a daka. Iya, wadda a lokacin sai da sanda take tashi, ta ja jiki ta zauna a bakin turmi ta ce masa, "Sai dai ka fara zuba ni a ciki." Mahaifina ya tsaya ya dube ta, ya mayar da damin inda yake, ya fita bai ce uffan ba. A daren ranar ta ba ni labarin da ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Ta ce wata shekara mahara sun zo musu bayan kaka, an gama shigar da amfani. Mutane suka tsere cikin daji, aka kwana biyu a cikin sarƙaƙiya. Da suka dawo, rumbuna duk sun zama toka, an kore awaki, ko kaza ba a bari ba. Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun kafin wannan rana mahaifiyarta ta cika tulu da irin dawa da na gero da wake, ta cakuɗa da toka saboda ƙwari, ta liƙe bakin da yumɓu, ta binne shi zurfin kamu biyu a gefen murhu, inda ake tara toka. Mahara sukan soka mashi a daɓen ɗaki suna neman abin da aka ɓoye, amma ba mai kula tarin toka. Ranin nan kaf suka yi shi a kan garin ɗorawa da kanya da ganyen ɗanya da yaɗiya, sai ɗan dusar da ake samu idan maza sun je ƙwadago a garin da bai ƙone ba. Kullum matar nan tana durƙushe a bakin murhu tana dafa ganye, yara na kuka a bayanta, ga hatsi nan ƙarƙashin gwiwarta, ba ta faɗa wa kowa ba, har mijinta. Ta san in ta faɗa, tausayi zai sa a tone. Cikin bazara ƙanin Iya, yaro ɗan shekara uku, ya kumbura ya rasu. Sai ranar da aka yi ruwan shuka, ƙasa ta jiƙu har kamu, sannan ta ɗauki fartanya ta tone tulun a gaban kowa. Da irin nan gidansu da gidaje huɗu na maƙwabta suka yi shuka.

Iya ta ce ba a yi guɗa ba a ranar. Mahaifinta ya dubi tulun, ya dubi matarsa, ya yi wata guda bai yi mata magana ba. Ita kanta Iya, tana da shekara tamanin da wani abu, ta ce mini har yanzu takan tambayi kanta: da an fasa tulun nan an dama wa yaron kunu, da ya rayu? Sai ta yi shiru, ta ce, "To da mu duka fa?" Edita, wane makircin waziri ne ya kai wannan nauyi? Marubucin da ke neman abin da zai hana mai karatu barci, ga shi nan a gefen murhu.

Ta kuma kwatanta mini yadda ake noma a lokacin. Ba mai zuwa gona shi kaɗai. Gayya ake yi, a gama ta wannan a koma ta wancan, kowane namiji da kwari a kafaɗa, hauya a hannu. Ana ɗora yaro mai kaifin ido a kan kuka da kuge, in ya hango ƙura ko ya ga tsuntsaye sun tashi ba dalili sai ya buga, kowa ya yar da abin hannunsa a yi ƙofar kafi. Gonakin nesa, duk da sun fi ƙarfi, an bar su sun zama saura. Lokacin da manomi ya fi murna, wato sa'ad da dawa ta yi tsawo ta rufe mutum, shi ne lokacin da suka fi tsoro, don a cikinta ake laɓewa. Mai goyo in an ɓuya takan danna wa jariri nono a baki ko ba ya jin yunwa, don kada ya yi kuka ya tona jama'a. Har ta bar duniya Iya ba ta iya cinye tuwonta duka, sai ta gutsuri loma ta ƙulle a gefen zane. Muna yara mukan ga abin kamar rowa. Sai a daren nan na gane.

Na tambaye ta me ya hana su tashi. Ta ce, "Mu je ina? A birni gonar wa za mu noma?" A faɗarta, an sassauta wa kakanta kuɗin ƙasa ne don ya zo ya zauna a wurin, ga ƙasa mai kyau, ga ruwan sama ya fi na arewa. Wasu kuma ba da son ransu suka zo ba, bayi ne da masu sarauta suka zuba a rinji, ba su da ikon tashi ko sun so. Ina so marubutanmu su riƙe wannan da kyau. Juriyar mutanen nan gaskiya ce, amma wani ɓangarenta rashin mafita ne. Wanda ya mai da su waliyyai masu murmushi cikin wahala ya zalunce su kamar wanda ya manta da su. Sun yi faɗa a kan mudun dusa. Akwai wanda ya gudu ya bar matarsa a gona, ya rayu da kunyar abin har tsufansa. Akwai wanda ake zargi da kai wa mahara rahoto, aka daina cin abinci da shi ba tare da an taɓa tabbatarwa ba.

Akwai kuma abin da ya fi mini wuyar rubutawa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An kama yayar Iya a bakin rafi tana budurwa, sun je ɗiban ruwa su bakwai aka dawo su biyar. Aka aiko cewa fansarta keso goma ne na wuri, kowane keso kuwa zambar ashirin ne. Aka sayar da jaki, da tasoshin uwar, da rigar uban ta zuwa idi, dangi suka yi karo-karo, aka ba wani falke mai shiga duwatsu. Bayan wata biyu ya dawo da kuɗin ya ce an riga an sayar da ita gaba. Ba a sake jin ɗuriyarta ba. Uwar ta ci gaba da wanke ƙwaryarta tana kifewa tare da na sauran yara.

To, a cikin wannan gida namu da ake kukan 'yar da aka sace, akwai wata mata Bawarjiya. Baffan Iya ne ya bi rundunar Kano ya dawo da ita a rabonsa na ganima. Ita ke niƙa, ita ke itace. Ba wanda ya san sunanta na gida, wanda aka laƙaba mata da shi ake kiranta. Iya ta ce in tana niƙa takan juya dutsen ta fuskanci kudu, tana waƙa da harshensu a hankali. Bayan an sace yayarta, wata rana ta ga mahaifiyarta ta je ta durƙusa kusa da matar nan, ta karɓi ɗan dutsen ta yi mata niƙan, suna ta hawaye su biyu ba mai cewa komai. Na so in ji cewa daga nan an sallame ta ta koma gida. Ba a yi ba. A gidanmu ta tsufa, a nan ta rasu, kuma jikokinta suna nan a garinmu, muna gaisawa muna zuwa bikin juna, ba mai ɗaga maganar. Ita ma 'yar wani ce da aka ɗauke a bakin rafi. Can cikin duwatsu akwai uwar da ta yi ta kife ƙwaryarta.

Na kawo wannan ne saboda na san inda irin wannan rubutu yake zamewa. Amurkawa sun daɗe suna rubuta labaran iyalan da suka yi kaka-gida a bakin iyakarsu, suna sassabe suna gina ɗakunan gungume a lokacin yaƙin neman 'yancinsu na 1775 zuwa 1783 da bayansa. Na karanta kaɗan daga ciki muna kwaleji. Sun iya nuna wahalar mace mai ciki a lokacin sanyi, da gonar da aka ƙone ana gab da girbi, har ka ji kamar kana wurin. Amma a yawancin waɗanda na karanta, mutanen da aka tarar a ƙasar, waɗanda aka ƙwace wa daji da gona, daga nesa kawai ake hango su suna ihu, ba su da uwa ba su da suna. Kada mu ɗauko wannan. Wanda zai rubuta labarin kafinmu, ya hau dutsen ya ga yadda rundunar Kano take a idon yarinyar Warji. Ya kuma tuna cewa waɗanda suka kafa Ningi malaman ƙasar Kano ne da suka gudu daga haraji, su ma da matansu da 'ya'yansu suka je baƙon wuri suka fara daga sassabe.

Labaran ba su da iyaka ga mai nema. Ga matar da aka kama mijinta, ba gawa ba labari. Malamanmu na Malikiyya sun ce matar wanda ya ɓace takan jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara, sannan ta yi takaba. Gwaggon Iya ta jira, ta yi takaba, ta yi wani aure ta haifi biyu. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, lokacin da kamammu da yawa suka riƙa sulalewa suna komawa garuruwansu, sai ga mijin farko a ƙofar gida da yamma, ya rame, gemu ya yi fari, yana sallama. Iya ta ce gwaggon tana tankaɗe ta ji muryar, rariyar ta faɗi daga hannunta. Ni dai ban taɓa karanta shafin da ya kai wannan sallama ba.

Wani zai ce, Malama, ana fama da na yau kina kiran na jiya. Ai na yau ɗin ne ya hana ni yin shiru. Wata ɗalibata ta dā tana aure a wani ƙauye ta wajen Batsari, kusa da dajin Rugu. Takan kira ni in ta samu sabis. A daminar da ta wuce ta ce mini sun daina shuka dawa kusa da gida saboda masu laɓewa, maza ba sa zuwa gona sai a ƙungiya, kuma akwai yaron da ake ɗorawa a kan bishiya, sai dai shi waya ce a hannunsa. Ta ce sai an haɗa kuɗi an kai daji kafin a bari su yi girbi. Ta ce ta raba irinta gida uku ta ɓoye, ko mai gidan bai san wuri na ukun ba. Ina riƙe da waya jikina ya yi sanyi, don ban taɓa ba ta labarin Iya ba. Daga Zurmi zuwa Sabon Birni zuwa Faskari haka ake ciki, wasu sun tsallaka Maraɗi, wasu sun ce ba inda za su. Su ma manoman shinkafar Zabarmari da aka yanka a gona a watan Nuwamban 2020, sun san hatsarin, yunwa ce ta fitar da su. Ɗalibar nan tawa tana ganin kamar su ne farkon waɗanda abin ya faɗa wa, kamar Allah ya manta da su ne su kaɗai. Da akwai littafin da zai nuna mata cewa wata mace ta taɓa durƙusawa inda take durƙushe, ta binne iri, ta yi rashi, kuma ga jikokinta nan sun yi yawa har wata ta zama malamarta, da ya rage mata wani abu a zuci. Shi ma ɗan birni da ke tsallake labarin a waya, wataƙila ya tsaya.

Don haka, 'ya'yana marubuta, ku je Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, ku je Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, za ku samu sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe, kuma kuna bukatarsu don kada ku sa wa mutumin 1890 agogo a hannu. Amma tulun iri ba ya cikin takarda. Yana bakin tsofaffin mata, cikin waƙar niƙa da ta daɓe da ta reno, kuma masu shi suna ƙarewa. Waɗanda suka gani da ido sun tafi tuni, mu da muka ji daga bakinsu mun haura sittin. Ku shiga mota ku je Sumaila ko Gwaram ko Birnin Kudu, ku tsallaka Ningi da Warji ku ji ta ɗaya ɓangaren, ku nemi a nuna muku kufai, ku zauna a kan tabarma ku yi haƙuri da tsohuwa har ta gama zagaye-zagayenta. Ina da kyakkyawan zato ga matanmu musamman, don tun da aka fara gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2016 sun nuna sun iya rubuta ciwon da ke cikin gida ba tare da ƙawa ba.

Kai kuma Edita, roƙona gare ka ka ware ko rabin shafi ne a wata, masu karatu su riƙa aiko da abin da suka ji daga kakanninsu game da zaman bakin iyaka, ko na Ningi ne, ko na tsakanin Katsina da Maraɗi, ko na hare-haren Damagaram, ko na basasar Kano ta 1893. A buga da Hausar da aka faɗe shi, kada a goge ta.

Ni nawa yana nan a rubuce. A hutun da ya biyo bayan daren nan na zauna da Iya kwana tara ina rubuta abin da take faɗa a littafin makaranta mai layi, shafi arba'in da ɗaya, har da baiti shida na waƙar Bawarjiyar nan yadda kunnen Iya ya riƙe su, waɗanda har yau ban samu wanda ya fassara mini ba. Iya ta rasu a daminar 1974, dawar da aka shuka da damin nan tana bununi. Takardar ta yi ja, tawadar ta fara dushewa. Duk marubucin da ya shirya yin aikin da gaske, ko wani mai jin Warjanci da zai faɗa mini abin da matar nan take cewa, ya biyo ta ofishinku, na bar lambata a wurinka.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar malamar makaranta,
daga Kano.